ZARE: 'Yar lambar da ke goshin dodo

1/ Akwai wata 'yar lamba a littafin dodannin Dungeons & Dragons da nake ganin ta kashe jarumai fiye da duk wani diragon da ke cikin littafin. Sunanta CR. Yau a kanta zan yi surutu, ku gyara zama don zaren da tsawo 🧵

2/ Ga wanda bai san wasan ba: D&D wasan labari ne da ake yi a kan tebur. Mutum ɗaya, DM, shi ke jan labarin kuma shi ke riƙe da dodanni. Sauran kowa da jaruminsa: mayaƙi, ɓarawo, matsafi, mai warkarwa. Dayis ke raba gardama. Ba caca ba ce, ko sisi ba a sawa, kafin wani ya kai ƙarata gida 😅

3/ Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a 1974. Ni kuma shekara biyu ke nan ina yi wa abokaina huɗu DM a makaranta, daren Asabar in babu jarrabawa a gaba. Dayis saiti ɗaya muke karɓa-karɓa, taswira kuma a bayan takardar lakca nake zana ta.

4/ To, CR ma'aunin wuyar dodo ne. Ya shigo da bugu na uku a shekarar 2000. A bugu na biyar na 2014 ma'anarsa ita ce: jarumai huɗu da suka huta, da kayan yaƙinsu, in matakinsu ya yi daidai da lambar dodon, ya kamata su ci shi ba tare da an yi gawa ba.

5/ Daga 0 yake zuwa 30. Goblin 1/4 ne. Ogre, ba oga na ofis ba, 2 ne. Tarrasque, uban gayyar, 30. Sabon DM in ya ga haka sai ya ce ashe ma abin sauƙi ne, haɗa lamba da lamba kawai. Haba malam.

6/ Ku ji yadda ake fitar da lambar. Ana duba tsaron dodo: yawan jininsa da ƙarfin sulkensa. Ana duba harinsa: ɓarnar da zai yi a zagaye uku na farko da yadda saransa ke samu. A haɗa biyun a raba. Akwai ɗan ƙari da ragi saboda wasu baiwowi, amma ƙashin bayan lissafin ke nan.

7/ Wato an auna dodon ne shi kaɗai, a fili fetal, da rana tsaka, yana faɗa da wasu mutum huɗu da babu su a duniya. Ba abokanka ba, waɗanda ɗayansu ya mance yana da garkuwa tun watan jiya.

8/ Ɗauki Shadow, wato Inuwa. CR ɗinta 1/2, jini 16 kacal. A takarda abin tausayi. Amma duk taɓawar da ta yi maka, ban da raunin, tana zuƙe maka ƙarfin jiki da abin da dayis mai fuska huɗu ya nuna. In ƙarfin ya kai sifili ka mutu. Ba suma ba fa, mutuwa.

9/ Matsafi yawanci ƙarfinsa 8 ne, don babu wanda ke ɓata maki a nan. Taɓawa uku ko huɗu, an gama. Yawan jini bai hana, maganin warkarwa bai dawo da shi. Kuma bayan 'yan awoyi wata sabuwar Inuwa za ta tashi daga gawar. Wannan ce aka rubuta wa rabi.

10/ Akwai kuma Intellect Devourer, ƙwaƙwalwa ce mai ƙafa huɗu, CR 2. In ka kasa kare kanka daga harinta, DM zai jefa dayis uku masu fuska shida. In jimlar ta kai makin basirarka, ka sandare ke nan. Mayaƙi mai basira 8? Na zauna na ƙirga: 181 cikin 216, kusan kashi 84 cikin ɗari. Kwas ɗin lissafin da na sha wuyarsa a aji ɗaya ya yi rana.

11/ Ta ɗaya ɓangaren kuma, Tarrasque na 2014 da jininsa 676 ba ya tashi sama, ba shi da harin nesa ko ɗaya. Mai kwari da baka na tsafi in ya samu abin da zai ɗaga shi sama, sai dai ya gaji da harbi. CR 30 yana ƙasa yana ta gurnani.

12/ Amma babban abin da lambar ba ta gani shi ne yawan hannu. Hausawa sun riga masu rubuta littafin ganewa: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

13/ Ogre jininsa 59, kulkinsa na cin 13 a matsakaici. Amma sau ɗaya yake duka a zagaye, su kuma huɗu ne, duka huɗu. Yawanci kafin ya ɗaga kulki na uku ya faɗi. Sai dai in kulkin farko ya sauka a kan matsafi ɗan mataki na 1 mai jini 8, shi ke nan ya kwanta. Dodo ɗaya, ga gundura ga haɗari.

14/ Littafin DM na 2014 ya san da wannan, shi ya sa ya kawo ninki. Dodo biyu, ka ninka makinsu sau ɗaya da rabi. Uku zuwa shida, sau biyu. Haka har sau huɗu in sun kai 15.

15/ Yanzu ku duba Lost Mine of Phandelver, labarin da ke cikin kwalin 'yan koyo na 2014. Faɗan farko: goblin huɗu sun yi kwanton ɓauna a bakin hanya. Kowane maki 50, jimla 200, ninki biyu 400. Iyakar faɗa mai kisa ga jarumai huɗu 'yan mataki na 1? 400 cif. Faɗan FARKO fa, ga mutanen da yau suka fara riƙe dayis.

16/ Kuma goblin ba ya tsayawa a sare shi. Ya harba kibiya ya ɓuya a zagaye guda, dokarsa ta ba shi dama. DM mai tausayi zai sa su fito fili da adda. DM mai bin doka sak zai bar su cikin duhuwa. Lambar ba ta canza ba, amma faɗa biyu ne daban.

17/ Wannan tsohon zance ne. A 1987 Roger Moore ya rubuta a mujallar Dragon ta 127 game da wani DM mai suna Tucker, wanda kobold ɗinsa, ƙananan halittu da sara ɗaya ke kashewa, suka addabi manyan jarumai da tarko da wuta da ramukan harbi. Har yau in an ce kobold ɗin Tucker, tsofaffin 'yan wasa sun san zancen. A bugun 2014 kobold CR 1/8 ne, jini 5.

18/ Sai maganar hutu. An gina lissafin 2014 a kan jarumai za su yi faɗa shida zuwa takwas kafin su kwana, ƙarfinsu na raguwa a hankali. Mu awa uku gare mu kafin a kulle ƙofa ko fitilar caji ta mutu. Faɗa ɗaya, in an yi sa'a biyu. Don haka kowa da cikakken ƙarfinsa yake shiga.

19/ A mataki na 5 abin ke juyewa gaba ɗaya. Mayaƙi ya fara sara biyu. Matsafi ya samu dunƙulen wuta, dayis takwas, 28 a matsakaici, ga duk wanda ke cikin da'irar. Goblin mai jini 7 sai toka. A mataki na 1 da na 2 CR na raina dodo, daga na 5 kuma jarumai yake rainawa.

20/ Littafin DM na 2024 ya cire ninkin nan, ya bar matakan wuya uku, sabon littafin dodanni kuma ya fito a 2025. Pathfinder bugu na biyu, na kamfanin Paizo a 2019, lissafinsa ya fi kamawa, don matakinka na shiga kusan kowace jifa: dodon da ya fi ku da mataki uku, faɗa ne mai tsanani, kuma haka za ku ji shi a jikinku. Na yarda ya fi tsari. Amma ko shi bai san wa ke zaune a teburinka ba.

21/ Me ya sa na damu haka? Ku san wuyar samun mutum a nan da zai yarda ya zauna awa uku yana wasan kwaikwayo da baki, ba allo ba kwantirola. In ka samu, ya ɓata yamma guda yana rubuta tarihin jarumarsa, sunan garinsu, dalilin barinta gida. Minti ashirin da farawa kibiya biyu suka kashe ta. Sauran daren yana latsa waya. Asabar ta gaba zai ce yana da karatu.

22/ In kuma ka tausasa komai, su ma sun gane. Ranar da 'yan wasa suka tabbata ba za su taɓa mutuwa ba, ranar wayoyi ke fitowa.

23/ Wasu DM maganinsu maguɗi: su jefa dayis a bayan kwali, ya nuna 20 su ce 4 ne. Ban ce su mugaye ba ne, niyyar mai kyau ce. Ni dai a fili nake jifa, tsakiyar tebur. In an kama ka sau ɗaya, duk nasarar da suka taɓa yi ta zama abin zargi, har wadda suka ci da guminsu.

24/ Tunda ba na maguɗi, kafin a zauna nake aikina. Ina duba CR sau ɗaya in ajiye. Sai in tambayi kaina: zagaye nawa wannan dodon zai ɗauka ya kayar da mafi rauni a cikinsu? In amsar ɗaya ce, sai na sake tunani. Sannan in karanta dokarsa layi-layi ina neman abin da ke tsallake jini: sandarewa, zuƙe ƙarfi, haɗiya.

25/ Dodanni na kuma suna jin tsoro. Bugun 'yan koyo na 1981 yana da dokar ƙarfin zuciya: in aka kashe na farko, ko rabinsu suka faɗi, a jefa dayis biyu a ga ko sauran za su arce. Na ɗauko ta na dawo da ita. Wane goblin ne zai tsaya ya mutu a kan buhun hatsin da ya sato?

26/ Abin da ya fi duk wannan aiki shi ne gargaɗi a cikin labari. Kwanaki na sa musu Inuwa uku a wani kangon gida, suna mataki na 3. A lissafi 600 ne, faɗa matsakaici. Ni na san ƙarya ne. Sai na sa wata tsohuwa a ƙauyen ta ba su labarin gawawwakin da ake fitowa da su daga gidan, babu rauni ko ɗaya, jiki laƙwas kamar tsumma, kuma ba a taɓa ɗaukar kowa da rana ba.

27/ Minti arba'in suna gardama. Mayaƙi na cewa a shiga yanzu, mai warkarwa na cewa wallahi ba da ita ba. Ƙarshe suka jira gari ya waye, suka hau suka yaye jinkar ɗakin, rana ta shiga. Inuwa a hasken rana duk jifarta da naƙasu take. Ban shirya wannan dabarar ba, su suka ƙirƙiro.

28/ Duk da haka an taɓa matsafi sau biyu, ƙarfinsa daga 8 ya koma 3. Da na ɗaga dayis na hari na uku, ɗakin tsit, har na waje da ya leƙo aron caja ya tsaya kallo. Ya nuna 5. Ihun da suka yi sai da maƙwabta suka buga mana bango.

29/ Asabar mai zuwa hanyarsu ta bi ta dajin da matashin diragon kore yake. CR 8, su kuma mataki na 4. Numfashinsa na guba dayis 12 ne, 42 a matsakaici, mayaƙinmu jininsa 36. Na zuba musu matattun tsuntsaye a kan hanya, ciyawa ta ƙone ba wuta, ga wata hanyar ta kewaye mai cin kwana biyu. In sun shiga, a tsakiyar tebur zan jefa.

30/ Don Allah kar wanda ya tura musu zaren nan kafin Lahadi 🙏🏾