Disneyland Paris da matashi mai galahanga: shirin tafiya tun daga gida

 

Idan hutun makaranta ya ƙarato, gidaje da yawa daga cikin ƴan'uwanmu mazauna Faransa da Beljiyam, da waɗanda ke zuwa musu ziyara daga Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Garwa, sukan ji roƙo guda daga bakin yara: a kai su Disneyland. A gidan da Allah ya ba da ɗa ko ɗiya mai galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, roƙon yakan zo da nauyi. Sau da yawa akan yanke ɗayan shawara biyu: ko a fasa tafiyar, ƙanne su riƙa ganin yayansu ne ya hana su, ko a bar shi gida wurin wata gwaggo, alhali ya kai shekara 14 ko 16 kuma ya san sarai an tafi an bar shi. Dukansu biyu suna barin tabo a zumunci. Akwai hanya ta uku, amma sai da shiri.

Yadda wurin yake

Wurin yana Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Paris. An buɗe shi ranar 12 ga Afrilu 1992, aka ƙara masa fili na biyu a 2002. A 2023 mutane kimanin miliyan 16 suka shiga filayen biyu. Jirgin ƙasa na RER A yana kai mutum daga tsakiyar Paris cikin minti 40 ko makamancin haka, kuma tasharsa ta ƙarshe, Marne-la-Vallée–Chessy, tana daf da ƙofa. Daga filin jirgin sama na Charles de Gaulle, jirgin TGV yana isa can cikin kimanin minti 10.

Bayan binciken jakunkuna da duba tikiti, mai shiga babban filin zai tsinci kansa a wani titi da aka gina shi kamar ƙaramin garin Amurka na farkon ƙarni na 20, shaguna dama da hauni, kiɗa na tashi daga kowane lungu, ƙamshin soye-soye da alewa ya cika iska. A ƙarshen titin ga fada mai launin hoda da dogayen husumiyoyi. Daga gabanta hanyoyi suka rarrabu zuwa unguwanni huɗu: Frontierland mai tafki da jan dutse a tsakiyarsa, Adventureland mai kogunan dutse da gadar igiya, Fantasyland ta tatsuniyoyi, da Discoveryland ta ƙere-ƙere da sararin samaniya. An tsara komi domin ya ja ido da kunne. Abin da ke faranta ran yawancin yara ke nan, shi ne kuma abin da kan gajiyar da mai galahanga tun hantsi bai yi ba.

Abin da ya kamata dangi su fahimta

Galahanga ba aikin iska ba ce, ba kuma sakacin tarbiyya ba. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, yana shafar mu'amala da magana da yadda mutum ke jin sauti, haske, wari da taɓawa. Likita Leo Kanner ya bayyana ta a 1943 bayan ya duba yara 11 a Amurka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum 1 cikin 127 yana da ita. Kowane mai ita da irin tasa: wani yana son lilo mai gudu kamar ransa amma ƙarar na'urar busar da hannu a banɗaki takan firgita shi, wani ba ya magana amma ya haddace taswira da kallo ɗaya.

Matashi kuma ya bambanta da yaro ƙarami. Ba ya ɗaukuwa a kafaɗa idan abu ya rikice, yana iya tsere wa mahaifinsa a guje, kuma jama'a da ke yi wa ɗan shekara biyar uzuri ba sa yi wa mai gashin baki. Yana da kunya da ra'ayi kamar kowane saurayi ko budurwa. Saboda haka a zauna da shi tun farko, a nuna masa taswira da bidiyon wasannin, waɗanda ke cike a intanet, ya zaɓi uku da yake so, ya kuma nuna waɗanda ba ya so. Abin da ya ƙi a gida kada a matsa masa a can.

Takardu da lokaci

Wurin yana ba masu nakasa wani kati mai suna Carte Priorité, kuma masu galahanga suna cikin waɗanda ake ba. Katin yana ba mai shi damar shiga wasanni ta ƙofa dabam tare da ƴan rakiya har huɗu. Yana rage jira sosai, amma ba ya kawar da ita gaba ɗaya, don haka kada a yi wa matashin alkawarin cewa babu layi. Ana neman takardar shaidar nakasa ta hukuma tare da katin shaida. Ga mazauna Faransa, wannan ita ce Carte Mobilité Inclusion, wadda ta fara aiki a 2017, ana neman ta ta ofishin MDPH na jihar da mutum yake, kuma fitowarta takan ɗauki watanni. Masu zuwa daga ƙasashenmu su duba jerin takardun da ake karɓa a shafin intanet na wurin kafin su biya ko tamma, su kuma riƙo takardun asali da Faransanci. Ana iya cike buƙatar katin ta intanet kafin ranar, a karɓe shi a can. Akwai kuma rangwamen tikiti ga mai nakasa da ɗan rakiyarsa guda.

Zaɓen rana ya fi kowane kati amfani. Watannin Yuli da Agusta, hutun ƙarshen Oktoba, hutun Kirsimeti, da Asabar da Lahadi, duk lokutan cunkoso ne. Talata ko Alhamis a tsakiyar Satumba, ko a Janairu da Maris wajen hutun makarantu, sun fi sauƙi, kuma tikitin yakan fi arha tunda farashinsa yana bin rana. Sai dai mai zuwa da hunturu ya tanadi tufafin sanyi, ya kuma sa matashin ya saba da su tun a gida, domin sabuwar riga mai ƙaiƙayi ta isa ta ɓata yini guda. Masu shiga jirgin sama su sani dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta wajabta wa filayen jiragenta taimakon masu nakasa kyauta, a sanar da kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tashi.

Masauki da abinci

Otal-otal na Disney suna kusa, kuma baƙinsu suna shiga fili kafin sauran jama'a, lokacin da wurin bai cika ba. Suna da tsada. Tasha guda kafin a iso, a Val d'Europe, akwai masaukai masu ɗakin girki da babbar kasuwa. Ga gidan Musulmi wannan yana warware matsala biyu a lokaci guda: uwa ta san abin da ke cikin tukunyarta, matashin da ba ya cin komi sai shinkafa fara ko taliya iri guda ya samu abin da ya saba. A cikin fili ana sayar da naman alade a wasu wuraren cin abinci, ana kuma sayar da giya tun 1993, don haka a tambayi abin da ke cikin abinci kafin a saya. Kifi da ganyaye su ne mafita mai sauƙi. Ana iya shiga da ruwa da ɗan abin taɓawa a jaka, babban kayan abinci kuwa akwai wurin zama da aka ware masa a waje.

Game da salla, a duba jadawalin lokutan Paris kafin a fita, domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare. A tambayi malami hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ga matafiyi tun kafin a bar gida. Komawa masauki da azahar yana haɗa salla, abinci da hutu wuri guda.

Yini a cikin fili

A shiga da sassafe, a fara da wasan da matashin ya fi so. Big Thunder Mountain jirgi ne mai gudu da ƙara da ramuka masu duhu. Hyperspace Mountain ya fi shi tsanani, yana juya mutum kai ƙasa cikin duhu. Phantom Manor gidan fatalwa ne, kuma a ƙarƙashin fadar akwai kogo da dodo mai gurnani. Waɗannan sai ga wanda ya gani a bidiyo ya ce yana so. Masu laushi kuwa akwai jirgin ƙasa mai tururi da ke zagaye filin yana tsayawa a tashoshi huɗu, da jirgin ruwa da ke kewaya tafkin Frontierland, da ƙananan kwale-kwale na Le Pays des Contes de Fées. A bayan shagunan babban titi akwai rumfuna biyu masu rufi, Liberty Arcade da Discovery Arcade, waɗanda suka fi titin shiru. Nan ne mafaka idan faretin yamma ya taho da ganguna.

A jaka a sa abin toshe kunne, da hular rana, da abin da matashin ke riƙewa ya samu natsuwa, da maganinsa idan yana sha. A aljihunsa a sa kati da Faransanci mai sunansa, da lambar wayar mahaifinsa, da bayanin cewa yana da otizim. Kowace safiya a ɗauke shi hoto da kayan da ya sa, a nuna masa ma'aikata masu alamar suna a ƙirji, a ce musu zai je idan ya ɓace. Lambar gaggawa a duk Turai ita ce 112. Manya su kasance biyu aƙalla, a raba aiki: ɗaya da shi, ɗaya da ƙannensa, domin su ma suna da haƙƙi a wannan hutun. Idan budurwa ce, a tabbata akwai mace tare da ita saboda banɗaki.

Iyaye sun fi kowa sanin alamun ɗansu: toshe kunne, kai-da-kawo, maimaita kalma ɗaya, ko yin tsit. Da zarar sun bayyana a janye zuwa wuri mai shiru, a rage magana, kada a yi faɗa, kada a damu da idon mutane. Abin da ke faruwa ya fi ƙarfinsa ne, ba taurin kai ba. Wasan wuta na rufe fili yana da ƙara da turmutsutsu, kuma fita bayansa ta fi komi wuya. Barin wurin awa guda kafin nan ba asara ba ce. Wanda ya ce sai ya ci kuɗin tikitinsa kaf, shi ne yakan koma gida da kuka a jirgi. Sannu ba ta hana zuwa.

Yana da kyau a sa ranar hutu tsakanin kwana biyu na fili. Ana iya kai iyali Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, a yi salla, a sha shayi a farfajiyarsa, a tsallaka titi zuwa lambun Jardin des Plantes. Wanda kuma yake son gwaji kafin ya kashe kuɗi masu yawa, ga Jardin d'Acclimatation a yammacin birnin, wanda ke nan tun 1860, ƙarami ne kuma ana iya fita cikin sauƙi.

Idan aka dawo gida matashin yana nuna hoton jirgin da ya hau sau huɗu, ƙannensa kuma suna ba da labari shi ma yana ciki, to tafiya ta yi albarka ko da rabin filin ba a taka ba. Ƴaƴa amana ce, kuma wannan ɗan yana da rabonsa a farin cikin gida kamar kowa. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba iyaye haƙuri da lada, ya kai matafiya lafiya ya dawo da su lafiya.