Isawan: mazubi yana bakin tabki, bai shiga lakwal ba

Matafiyin da ya bar kwalta a Tasawa ya nufi ƙasar Mayahi lokacin rani, kafin ya kai Isawan zai ratsa gonakin hatsi da aka girbe, da itatuwan gawo, da garuruwan da kusan duk gininsu na ƙasa ne. A bakin tabki samari ne ke kwaɓa laka da ƙaiƙayi, su cika ɗan akwatin katako marar gindi, su shafe samansa, su ɗaga. Tubali ya fito. Haka za su jera ɗaruruwa, kowane daidai da ɗan uwansa, domin mai saye ba ya biyan karkatacce.

Wannan akwati shi ne mazubi, kuma abin da samarin ke yi shi ne tushen kowace masana'anta: a ɓata lokaci a gyara siffa guda, sa'an nan ta haifi dubu.

Tukwanen alminiyo da ake kasawa ran kasuwa ma ƴaƴan mazubi ne. Maƙerin fari yakan danna yashi mai laima a jikin tsohuwar tukunya cikin akwati mai rabi biyu, ya zare ta a hankali, ya bar gurbinta da ƴar ƙofa, ya narkar da tarkace bisa gawayi, ya zuba. Alminiyo ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 660. Aikin na gwanaye ne, amma tarkacen mota da ake jefawa ciki yakan zo da dalma, ita kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Uwar gida ba ta da hanyar ganewa da ido.

Ɗan lakwal yana wuce waɗannan mutane kullum, ya shiga aji ya hardace murabba'i da lita a allo. Mai son sana'ar zamani sai ya kama hanyar Maraɗi, inda Lise Teknik Ɗan Kasawa yake, in iyaye suna da hali.

A makarantun Ingila akwai wata roba da ake koya wa yara zubi da ita, mai suna polikafrolakton. Ruwan zafi na digiri 60 ya isa ya tausasa ta, ba hayaƙi, kuma in siffa ta ɓaci a mayar da ita ruwa a sake. Sai dai daga waje take zuwa, lakwal ɗin da alli ke yi wa wuya ba za ta saye ta ba.

Robar da Isawan ke da ita a yalwace ita ce baƙar leda, mai maƙalewa a ƙaya tana kashe awaki, duk da dokar 2014 da ta hana shigo da ita da sayar da ita a Nijar. Kada wani mushe ya ce zai narkar da ita a aji. Robobi ba ɗaya suke ba: jarkar mai lamba 2 a gindi takan narke wajen digiri 130, amma tiyon PVC, mai lamba 3, in ya ƙone hayaƙinsa yana cin huhu. A wutar gawayi kuwa babu mai iya tsayar da zafi inda yake so.

Yumɓu, kakin zuma, sabulu da siminti duk suna karɓar siffar mazubi, kuma ba su fi ƙarfin aljihun ƙungiyar iyayen yara ba. Aji guda zai iya zuba sabulu 50, ya ƙidaya waɗanda suka fashe, ya lissafa abin da kowane ya ci, ya yanka farashi. Malamin da zai nuna musu yadda ake ɗaga mazubi baki bai gutsure ba yana can bakin tabki, laka har gwiwa.