A Gidan Wasa na Ƙasa, ƙarfe huɗu ƙarfe huɗu ce

Duk wanda ya saba bin Independence Avenue daga Ridge zai gangara Tema Station ya san wani farin gini da ke mahaɗar titin da Liberia Road, mai kama da jirgin ruwan da ya ɓata hanya ya hau tudu. Shi ne National Theatre, gidan wasa na ƙasar Gana. Mutanen Caina ne suka gina shi, aka gama a 1992, kuma babban zaurensa yana ɗaukar mutum wajen 1,500. Mu 'yan Zango muna wuce shi safe da yamma, daga Alajo, Nima, Maamobi da Newtown, za mu Makola ko Tudu ko Kantamanto. Amma ka tambayi mutum goma a majalisa wa ya taɓa shiga, da wuya ka samu biyu. Sai Sallah ta zo, ko an ba yara hutu, su ce Baba a kai mu, sannan mutum ya fara tambayar ta ina ake shiga.

Kafin komai, idan za ka da Hajiya tsohuwa, kada ka ce mata za ka kai ta tiyata. A wurinmu tiyata ɗakin yanka ne a asibiti, sai ka tayar mata da hawan jini a banza. Ce mata gidan wasa.

Abubuwan kallo a wurin iri-iri ne. Ƙungiyar raye-rayen gargajiya ta ƙasa a nan take, haka ƙungiyar makaɗa da ta 'yan wasan kwaikwayo. Waɗanda suka manyanta za su tuna Key Soap Concert Party da ake ɗauka a wannan zaure ana nunawa a talabijin, zamanin su Bob Okala da Nkomode. Yanzu abin da ya fi cika zauren shi ne wasannin Uncle Ebo Whyte, wanda tun 2008 yake fito da sabon wasa duk bayan wata uku. An saba yin su Asabar da Lahadi, sau biyu a rana, ƙarfe 4 na yamma da ƙarfe 8 na dare. Da Turanci ake yi, ana surkawa da Tuwi da buroka, ga waƙa ga barkwanci, yawanci a kan zaman aure da rikicin cikin gida. Wanda Turancinsa na ciniki ne kawai zai kama rabi, ya cike sauran da dariyar jama'a. Tsofaffi kuwa raye-rayen gargajiya sun fi yi musu daɗi, don ganga ba ta bukatar tafinta.

To ga inda gizo ke saƙar. Mu mun saba da lokacin biki. A rubuta ƙarfe 2 a katin aure, amarya ta fito bayan La'asar, ba mai cewa uffan. Nan ba haka ba ne. Mutanen Ebo Whyte sun yi suna wajen farawa a kan lokaci, kuma dole ce ta sa: akwai wani wasan ƙarfe 8, sai an fitar da taron farko an shigar da na biyu. In ka iso 4 da kwata, an kashe fitilu, kai da iyali kuna lalube a duhu kuna taka ƙafafun mutane, ana yi muku tsaki. Kuma a wasannin da na shiga, tikiti ba ya ɗauke da lambar kujera. Wanda ya riga shiga shi ke zaɓe. Mai mutum shida da ya makara, sai ka ga an watsa shi kamar gero: uwa can, yara biyu can, shi a wata kusurwa yana miƙa wuya yana neman su. Ka biya kuɗin mutum shida, kuɗin da ya isa cefanen kwanaki, ka ƙare da gadi.

Ba wai ba mu iya sammako ba ne fa. Ranar Idi wa ke gaya mana mu isa Black Star Square da wuri, don mu samu sahun gaba kusa da Babban Limami Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu? Mutanen Kano da ke cikinmu sun san yadda ake kama wuri a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe tun rana na tsaka. Ranar da kaya za su sauka kuwa, kafin asuba muna tasha. Wannan halin ne za a ɗauko a kawo nan.

Lissafin da ya fi muhimmanci a wurinmu na salla ne, kuma Accra ta sauƙaƙa mana shi, don rana ba ta cika sauya lokacinta a nan ba. Duk shekara La'asar tana shiga tsakanin 3 da wajen 3 da rabi, Magariba kuma daf da 6 ko bayanta kaɗan, Isha wajen 7 zuwa 7 da rabi. Ka duba wasan ƙarfe 4: lokacin da ya kamata kana kan layi a bakin ƙofa, shi ne daidai lokacin da La'asar ke shiga. In ka ce sai ka yi ta a masallacin unguwa sannan ka taso daga Alajo, ka makara, ba makawa. Dabarar ita ce a taso bayan Azahar, kada a wuce ƙarfe 2, kowa da alwalarsa, a saka ƙaramar darduma a jaka. A isa kafin 3, a kama layi. In lokaci ya shiga sai a yi ta kashi biyu, wasu su riƙe layi wasu su nemi gefe a haraba su yi. Ka yi wa masu gadi sallama ka tambaye su inda ba za ka tare hanya ba, za su nuna maka. Wasan yakan ci awa biyu, wani lokaci da ɗoriya, wato kana fitowa Magariba ta riga ta yi. Dardumar nan za ta sake amfani. Mai komawa ta Kanda kuma, ga Babban Masallacin Ƙasa da Turkawa suka gina aka buɗe a 2021 a kan hanyarsa, in bai tsaya surutu ba.

Na ƙarfe 8 ba shi da wannan damuwa, ka yi Magariba a gida ka taso, Isha kuma tana da faɗi. Sai dai za a tashi bayan 10 na dare, trotro ya yi wuya, yara sun yi barci a kafaɗa. Ni a ganina na dare na miji da mata ne su kaɗai, a bar yara wurin kaka. Mai tafiya da yara ya ɗauki na yamma.

Hanya ba ta da nisa, daga Alajo bai kai kilomita 10 ba, amma Circle ce a tsakani, kuma Circle ba ta da alkawari. An yi mata gadar sama a 2016, ta rage, ba ta warke ba. Asabar ranar jana'iza ce da aure a garin nan, ga 'yan kasuwa, don haka in kana da zaɓi ka ɗauki Lahadi, titi ya fi sarari. Mutanen Nima da Maamobi sun fi mu sa'a, su bi Kanda su faɗa Ridge, sun isa. Trotro mai zuwa Tema Station ne ya fi kusantar da kai. Amma in kun kai biyar, ka lissafa kuɗin kowa da wahalar sauyin mota, wataƙila tasi ko Bolt ya fi. Mai shago a Tudu ko Makola kuwa ƙafa ta ishe shi, iyali su same shi a can.

Sai ruwan sama. Mu mutanen Alajo ba a ba mu labarin kogin Odaw, a bayan gidajenmu yake wucewa, kuma ba wanda ya manta daren 3 ga Yuni 2015 a Circle. A watan Mayu da Yuni, in hadari ya haɗu da yamma, tikitin ƙarfe 8 bai kai a yi kasada a kansa ba. Ka sayar ko ka bayar.

Yanzu an buɗe ƙofa, ina za a zauna? Mutanenmu suna son gaba, kamar a wurin wa'azi. Layin farko a nan ba gata ba ne. Dandamalin ya fi ka tsawo, za ka wuni kana ɗaga kai, ga lasifika a kunnenka. Ka ja baya kaɗan zuwa tsakiyar zauren ƙasa, inda kake ganin fuskar ɗan wasa kuma kake ganin dandamalin gaba ɗaya. Idan rawa ce, bene ya fi, daga sama ake ganin yadda masu rawa ke jeruwa suna warwatsewa. Amma bene matakala ne, kada ka ja mai ciwon gwiwa can.

Mai ƙananan yara kuma ya manta da tsakiyar layi, komai kyansa. Ya kama bakin layi, kusa da hanyar fita, shi ya zauna a kujerar ƙarshe, uwa a ɗaya gefen, yara a tsakani. Ba a yin awa biyu yaro bai ce zai yi fitsari ba. Haka wanda ba ya son Magariba ta yi masa nisa, daga bakin layi zai zame ba tare da ya tayar da mutum goma sha ba. A kai kowa bayi kafin a zauna. A ci abinci a gida, wake da shinkafa ko tuwo mai riƙe ciki, don abin da ake sayarwa a irin waɗannan wurare ba farashin Nima ba ne. In an kunna na'urar sanyi, mayafin uwa zai zama bargon yara, a zo da mai kauri. Waya kuma a rufe mata baki. Mu 'yan kasuwa ba ma iya ganin kiran abokin ciniki mu ƙyale, amma "Salamu alaikum, Alhaji, kayan sun iso?" a tsakiyar zaure mai shiru abin kunya ne.

Idan kun iso da wuri sosai yara sun fara ƙosawa, tsallaken titi akwai filin yara na Efua Sutherland, su sha iska, sai dai a bar mutum ɗaya a layi. Wanda kuma ya ga kuɗin tikiti ya fi ƙarfinsa a wannan karon, ya gangara High Street zuwa wurin tunawa da Kwame Nkrumah, wanda aka gyara aka sake buɗewa a Yulin 2023, a filin da ya yi shelar 'yancin kai a 1957. Akwai ruwa mai tashi sama yana bin kiɗa, ba kujera ba layi, sai dai ka riƙe hannun ƙaramin don kada ya ce zai shiga.

In an tashi daga wasan, kada ku ruga ƙofa tare da kowa. Mutum dubu da ɗoriya suna fita, wasu dubun na ƙarfe 8 suna shigowa, kowa yana kiran mota a waya lokaci guda, farashi ya hau. Ku yi sallarku a natse, ku taka kaɗan ku bar bakin ƙofar, sannan ku nemi ta Alajo.