Karatun Yara a Hanyar Gabas

A shekarar 1955, bayan an gama kaka, wani malami mutumin ƙasar Kano ya sayar da hatsinsa da jakinsa, ya kwashi matarsa da 'ya'yansa uku, ya ce sai Makka. Babban yaron shekararsa 7, mai bi masa yarinya ce 'yar shekara 4, autan kuwa yana goye. 'Yan'uwa suka yi ta ba shi baki ya bar manyan biyu wurin kakarsu. Ya ce a'a, shi ya ɗora musu karatu a zaurensa, bai taɓa miƙa su ga wani malami ba, ba kuwa zai fara yanzu ba. Saboda haka cikin kayan tafiya har da alluna biyu, da kurtun tawada, da ɗaurin alƙaluma.

A lokacin jirgin ƙasa bai isa Maiduguri ba, sai a 1964 ya kai. Motar kaya suka hau har Barno, suka ƙetare kogin Shari, suka sauka Forlami, garin da a ke kira Njamena tun 1973. Nan guzuri ya ƙare, malam ya zauna ɗinkin hula wata huɗu. Ko da suka isa Abashe, bazara ta kama sosai, awon zafi ya kan wuce 40 da rana. Mai hankali ya ce a jira. To, amma in damina ta sauka hanyar mota ta mutu ke nan sai wata kaka, don haka masu tafiya gabas da yawa cikin tsananin zafi su ke ratsa ƙasar Darfur.

Direbobin wannan hanya da asuba su ke tafiya, da kuma dare. In rana ta take sai su tsaya injin ya huce, kowa ya shige ƙarƙashin mota ya kwanta. Malam ya ga wannan tsayawa ita ce makarantarsa. Mutane na barci, shi ya fid da alluna, yara su yi ta biyawa da ƙarfi kamar suna zauren gida. Ba mugunta ba ce. Tsoronsa kada yaro ya dawo gida da sunan Alhaji, kansa kuwa babu kome. Sai dai ya manta karatu da ƙarfi bushe maƙogwaro ya ke yi, ruwan salka kuwa da awo a ke ba kowa.

Tsakanin Fashir da Nuhud, inda rairayi ke cin ƙafar mota, ran nan babban yaron ya yi shiru cikin karatu, allo ya suɓuce daga hannunsa. Jikinsa ya yi zafi rau, leɓɓansa sun bushe, yana kuka babu hawaye. Uwar kuwa ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, ba ta kuma taɓa nuna ta kula da shi gaban mutane ba. Ran nan ta ajiye kunya. Ta ce, “Malam, yaron nan tun jiya bai yi fitsari ba. Allo zai jira mu, shi ba zai jira ba.”

Malam bai ce uffan ba. Ya kwance rawaninsa, ya ɗauki salka, ya bi yaron mota zuwa wata rugga. A ƙasar Kurdufan a kan rarake cikin kuka, a tara ruwan damina a ciki, kowace kuka da masu ita, su sayar wa matafiya da rani. Ya ba da kuɗin hula biyu ya cika salkar, ya sayo kankana. Aka jiƙa rawanin aka lulluɓe yaron, ana yi masa fifita, uwar tana ɗura masa ruwa kaɗan kaɗan da ludayi, da tsararon kunu mai ɗan gishiri. Sai can wajen tsakar dare ya buɗe ido ya ce, “Baba, ina allona?”

Abin da uwar nan ta yi bai yi nisa da abin da likitoci ke koyarwa yanzu ba. Jikin yaro ƙarami ne, ruwansa ya fi na babba saurin ƙarewa, ba ya kuma sanin ya ce ƙishirwa sai abin ya yi nisa. A kan zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokali cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kurɓi kurɓi. In jinjiri ne, a duba maɗigarsa. In ta faɗa, a nemi asibiti maza, kada a yanke masa nono.

Tun daga ranar malam ya sake tsarin makarantarsa. Biyawa sai da asuba, ko bayan isha'i in iska ta yi sanyi. Ya daina wanke allo, ya koma rubutu a kan rairayi da yatsa. Da rana sai hira a inuwa, murya ƙasa ƙasa: sunan garin da aka wuce, da yadda a ke ce wa ruwa da gishiri da Larabcin Sudan, da lissafin abin da ya rage a lalita. 'Yar yarinyar ta riga kowa iya ciniki.

Daga Al-Ubayyid suka shiga jirgin ƙasa zuwa Jazira, inda a ke noman auduga da ruwan madatsar Sannar tun 1925. Suka yi kakar tsinkar auduga guda tare da Hausawan da ke can, suka ziyarci Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Sa'an nan suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Arfar 1957 cikin watan Yuli ta faɗo, tsakiyar zafin Hijaz. Malam ya fita rana yana addu'a, amma kafin ya fita sai da ya zaunar da yaran cikin laima kusa da uwarsu, ya rataye musu salka, ya tura allunan can ƙarƙashin kaya.