Ƙurar da ake jira ta jiƙe

A rijiyoyin mai irin na Agadem, waɗanda ke ciyar da matatar Zinder tun 2011, babban tsoron motar gyaran rijiya shi ne abin da ke tunkuɗowa daga ƙasa. Ana zura bututu alhali mai da iskar gas na neman mafita, manyan makullai na riƙe da bakin rijiyar kada ta ɓalle.

A Dawanau kuwa ƙasa ba ta tunkuɗo komai. Tsohon dutse ne shimfiɗe ƙarƙashin gonakin, ruwan kuma a tsagoginsa yake ɓuya. Saboda haka da wani dillalin riɗi ya karya jarinsa ya ɗauko motar haƙa burtsatse, sai da ta zo da kwamfaresa, mai cusa iska cikin guduma tana farfasa dutsen.

Sharaɗin bai yi masa daɗi ba: a samu ruwa ko a rasa, kuɗin haƙa sun tafi. Tun hantsi yake tsaye, farar ƙura ta rufe masa hula. Bayan la'asar direban injin ya damƙo garin dutsen, ya murza, ya miƙa masa. “Alhaji, taɓa ka ji.” Da ɗan danshi.