McLaren da Datsun a Ma'aunin Hanyar Malumfashi

'Yan uwa, motoci biyu nake so mu ɗora a sikeli a wannan makon.

Ta farko McLaren F1 ce, 'yar Ingila. Daga 1992 zuwa 1998 guda 106 kacal aka ƙera. Kujerar direba a tsakiya take, injinta mai silinda 12 na BMW ne, har fallen zinare aka liƙa a mazaunin injin saboda zafi. A 1998 ta yi gudun kilomita 386 a awa guda. A 2021 an yi gwanjon ɗaya a Amurka a kan sama da dala miliyan 20.

Ta biyu Datsun 240Z ce, wadda kamfanin Nissan na Japan ya fitar a 1969. Silinda 6 gare ta, ba zinare, ba alfarma. Amma ita ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 da 1973, cikin laka da ƙura da ramuka irin namu.

A foli an koya mana cewa ba gudu kaɗai ake dubawa a inji ba, har da wanda zai gyara shi idan ya tsaya. A nan ne na fi karkata ga Datsun. Injinta na kafireta ne, irin wanda tsohon bakanike a Funtua zai kwance ya ɗaure a ƙarƙashin bishiya. McLaren kuwa sai ƙwararrun da kamfanin ya amince da su. Ƙasanta ma dab da kwalta yake, ramin farko bayan Bakori ya ishe ta. Masu ita da yawa ajiye ta suke yi kamar gwal, don kowace kilomita rage mata kuɗi take yi.

Na san babu ɗayanmu da zai sayi ko ɗaya daga cikinsu. Amma duk kaka irin wannan zaɓin yana gabanmu. Saurayi ya sayar da masararsa a kasuwar Dandume, ko audugarsa, sai ya ɗauko tokumbo mai ƙyalli wadda babu kayan gyaranta sai an aika Kano ko Legas. Na ga wadda ta shekara a kan duwatsu a ƙofar gida saboda ƙaramar na'ura guda, kuɗin takin bana duk suna cikinta. Ga kuma halin tsaro: mota ta mutu maka tsakanin Funtua da Malumfashi bayan magariba ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Ban raina McLaren ba, gwaninta ce ta masu ilimi, kallonta ma daɗi ne. Sai dai Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Kafin ka biya kuɗin mota, ɗan uwa, ka fara zuwa gareji ka tambayi bakanikenka ko ya san cikinta.