Yaren da za a gina rumbunmu da shi

Yau ba maganar jigo ko zubi muka zo da ita ba. Labarin wani musu ne da muka sha a kan yarukan kwamfuta, wanda ya kusa cinye mana littafi guda.

Mu huɗu ne muka haɗa kuɗi domin buɗe shafin intanet da za mu riƙa zuba labaranmu. Mun gaji da tura babi a WhatsApp, kafin gari ya waye an cire sunan marubuciya an maƙala na wata. A cikinmu biyu ne suka taɓa koyon rubuta manhaja, sauran biyun alƙalami kawai muka sani. To su biyun nan suka ce sai an zaɓi yaren da uwar garke za ta yi aiki da shi.

Uwar garke ita ce kwamfutar da shafi yake zaune a kanta. Idan mai karatu ya latsa babi na bakwai, wayarsa aike kawai take yi. A can ne wani umarni da aka rubuta zai shiga rumbun bayanai, ya ɗauko babin, ya jera shi, ya miƙo. Mai karatu ba ya ganin umarnin, kamar yadda baƙo ke cin tuwo bai leƙa madafi ba. Yaren da ake rubuta umarnin da shi ne muka yi mako biyu muna ja-in-ja a kai.

Na farkonmu PHP ya riƙe. Rasmus Lerdorf ne ya fitar da shi a 1995, kuma tun asali don shafukan intanet aka yi shi. WordPress da shi aka gina, haka manhajar da Wikipedia ke tafiya a kai, Facebook ma da shi ya fara. Hujjarsa mai ƙarfi ita ce kuɗi: kusan duk kamfanin da ke ba da hayar uwar garke mai rahusa ya riga ya girka PHP, kai dai ka ɗora kayanka.

Na biyun Python yake so, yaren da Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991. Ya ce ya fi tsafta da sauƙin karantawa. Ya kuma kawo abin da ya ja hankalinmu: Django, tsarin da ake gina shafuka da shi a Python, a gidan wata jarida da ke garin Lawrence a jihar Kansas ta Amurka aka haife shi, aka sake shi ga jama'a a 2005. Wato masu hulɗa da rubutu ne suka ƙera shi, har yana zuwa da ɗakin edita inda za ka saka labari ka gyara. Instagram da shi ya tashi. Illarsa a wurinmu ita ce girka shi yana son ƙarin sani, kuma ba kowace haya mai araha ke karɓarsa cikin sauƙi ba.

An ambaci Node.js, wanda Ryan Dahl ya fito da shi a 2009 domin JavaScript ya yi aiki a uwar garke. Ya yi fice wajen riƙe mutane da yawa a lokaci guda, irin na ɗakin hira. Mu kuwa labari za mu ajiye a karanta, sai muka wuce shi. Ruby ma an taɓo, amma ba mu san wanda ya iya shi a kusa ba.

Aljihu ne ya raba gardama, muka ɗauki PHP.

Littafin farko da muka ɗora na 'yar uwarmu ne, babi arba'in da ta shekara biyu tana bugawa a waya, tana bin ƙa'idar rubutu, kowane harafi mai lanƙwasa a mazauninsa. Ba a yi wata ba aka sace wayar a cikin Keke Napep. Muka ce da sauƙi, ai yana shafi. Ranar da ta zauna ta karanta shi tun daga farko ne ta kira mu, murya na rawa. Duk inda ɓ ko ɗ ko ƙ take, alamar tambaya ce ta maye gurbin. A wani babi an rubuta cewa amarya ta samu "?ari". Ƙari ta samu, ko ɓari ta yi? A wani wurin kuma ɗari ake nufi. Kalma uku, ma'ana uku, duk sun koma abu ɗaya, kuma babu wani kwafi a duniya.

Nan take mai son Python ya ce ai ya faɗa. Muka yi ta tsine wa PHP, har sai da muka bincika muka gane an bar jaki ana dukan taiki. Rumbun bayananmu na MySQL an saita shi a kan tsarin latin1, wanda aka yi don haruffan yammacin Turai. Babu ƙ a cikinsa, don haka duk harafin da bai sani ba sai ya ajiye alamar tambaya. Ko da Python muka yi aiki, rumbun nan ba zai iya riƙe ƙ ba. Maganin shi ne utf8mb4, tun kafin a zuba kalma ko ɗaya.

Amma PHP ma yana da nasa laifin, kuma a nan ne bambancin yarukan ya shafe mu kai tsaye. A tsarin UTF-8, harafin k bayit ɗaya yake ci, ƙ kuwa biyu. Umarnin strlen na PHP bayit yake ƙirgawa, sai ya ce maka "ƙasa" biyar ce. Umarnin substr yana iya yanka ɗ gida biyu idan ana gutsuro ɗanɗanon labari, wata baƙar alama ta fito a ƙarshe. Umarnin strtoupper kuma ya mayar mana da "ƙaddara" zuwa "ƙADDARA". Python 3, tun fitowarsa a 2008, harafi yake gani: ya ƙirga huɗu, ya ba ka Ƙ babba. JavaScript ma haka. A PHP sai ka tuna ka yi amfani da 'yan uwansu masu farawa da mb_, irin su mb_strlen da mb_substr, sannan a zauna lafiya.

Mako uku muka yi mu huɗu muna bin babi arba'in layi-layi, ita tana tuno abin da take nufi, mu muna mayar da ƙugiya. Akwai wurare biyu da har yau ba ta tabbatar ba, ta dai zaɓi wanda ya fi dacewa.

Ba mu bar PHP ba. Wanda ya iya shi a unguwarmu yake, ko da tsakar dare shafi ya tsaya za mu buga masa ƙofa, kuma da ɗan gari akan ci gari. Da a ce yau za mu fara, kuma mai Python ne a kusa, da shi za mu bi ba tare da fargaba ba.

Ga duk wanda zai ba da a gina masa shafi a cikinku, kafin ka biya, ka sa a rubuta "ɓarawo ya ɗauke ƙwarya" a ajiye, a sake buɗewa, a mayar da ita manyan haruffa, a kuma nemo ta a akwatin bincike. Idan ta dawo lafiya, ka ci gaba. Sannan kada ka yarda littafinka ya kwana a wuri ɗaya tak. Mu sai da muka ji a jikinmu muka koya.

Sai mako mai zuwa, idan da rai da lafiya.